Hula a Kan Teburin Baba Bawa

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da aka ba Baba Bawa takardar tuhuma ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kuna mamakin yadda duk shirin da kuka kawo mini, tun kafin in karanta nake cewa, "Wa ya sa hannu?" Wasunku har Hajiya Sa-Hannu suke kirana a bayan idona. Na sani, kunnena ba a toshe yake ba. To ku zauna ku ji dalili. Kai, a'a, ku ji shi a tsaye ma ya fi muku.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce tun farko, ɓangaren wayar da kan jama'a. Lokacin da gubar dalma ta riƙa ɗauke yara a Dareta da Tungar Guru ina cikin waɗanda suka yi ta shiga gida gida. A can na koyi abin da makaranta ba ta koya mini ba. Za ki zauna da mace ki yi mata bayani har muryarki ta dushe, cewa kada a daka dutsen zinari a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Za ta ce miki to, da zuciya ɗaya kuwa. Gobe ki dawo ki tarar ana daka, domin turmin na nan, maigida kuma ya kawo dutse. Abin bai fara sauyawa ba sai da aka fitar da aikin bayan gari, manyan gari kuma suka fara da gidajensu. Tun daga nan na riƙe cewa mutum ba ya barin sabo don an gaya masa. Sai an sauya masa wurin, kuma ya ga wanda yake jin nauyi ya fara.

Bayan abin ya lafa da 'yan shekaru aka mayar da ni wani ofishin shiyya mai kula da Anka da Gummi da Bukkuyum. Ba zan faɗi sunansa ba, masu aiki a can yanzu ba su yi mini laifin komai ba. Dogon gini ne guda, ofisoshi a jere, baranda a gabansu, sai wata babbar darbejiya can ƙarshen fili kusa da famfo. Ni da na saba yini a bayan babur, abin da na tarar ya ba ni tsoro. Mutum zai zauna ƙarfe takwas, ba zai ɗaga ba sai azahar. Fayil zai je ofishin da ke jikin nasa, bango ɗaya ne tsakani, sai ya buga ƙararrawa masinja ya zo. Ruwan sha ma masinja. Duk ranar Alhamis nakan auna wa ma'aikata jini, sai in ga mutanen da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba jininsu ya fi na mai faskare hawa.

Wanda ya fi damuna shi ne Baba Bawa, magatakardan rajista. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, rajista ita ce ƙofar ofis. Duk takardar da za ta shigo ko ta fita sai ta bi ta nan, a shigar da ita babban littafi, a ba ta lamba, a buga mata hatimi, sannan ta wuce. Takardar da ba ta shiga littafin nan ba, a idon gwamnati ba a rubuta ta ba. Baba Bawa mutumin Adabka ne, dattijo fari tas, yana mataki na bakwai. Shekararsa talatin da uku a kan wannan kujera, saura biyu ya yi ritaya, kuma ba a taɓa saka masa takardar laifi ko ɗaya a fayil ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya. Ɗaki yake haya a gari, ranar Juma'a ya hau babur ya tafi gida.

Yana da ciwon suga, yana da hawan jini. Ranar da na fara ganin ƙafafunsa sai da na ce innalillahi. Sun kumbura suntum, har ya yanke maɗaurin takalminsa da reza don ƙafar ta shiga. Na danna yatsa a ƙaurinsa, ramin ya daɗe bai ciko ba. Likita ya riga ya gaya masa, ni ma na maimaita masa ba ɓoye-ɓoye: in bai riƙa tashi yana takawa ba, jini zai daina gudu a ƙafar nan yadda ya kamata, kuma mai suga in ƙafa ta lalace masa ba ta cika dawowa ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ni da anka ɗauka aiki don in zamna, in tashi in tahi ina? In takarda ta zo ba ni nan, wa za ya amshe ta?"

Na ce, "Baba, takarda tana iya jiran minti goma. Ƙafarka ce ba za ta jira shekara biyu ba."

Da farko na yi irin wautar da kowa ke yi. Na rubuta takardu na manna a bango, tashi ka motsa jini. Kwana uku aka yi, wani ya ɓalle ɗaya ya naɗe tsire. Na kira lacca a kan illar dogon zama, suka zo suka zauna awa biyu cur suna saurarena, aka watse kowa ya koma kujerarsa yana cewa Hajiya ta iya bayani. Na ce to a riƙa yin taron safiyar Litinin a tsaye. Shugaban ofis ya zauna saboda gwiwa, sai ƙananan ma'aikata suka duba suka ga sun tsaya a kan babba, ɗaya bayan ɗaya suka tsuguna. Ban ga laifinsu ba, haka iyaye suka tarbiyyantar da kowannenmu.

Sai na tuna Dareta. Na zauna na tsara abu huɗu, na kai wa shugaban ofis na lokacin, wani Alhaji mai sauƙin kai. A ɗauke randar ruwa daga baranda a kai ta gindin darbejiya, mai jin ƙishi ya taka. Fayil ɗin da ba zai fita daga ginin ba mai shi ya kai da kansa, masinjoji su ji da na waje. A rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiya, maigadi ya buga ƙarfe goma da sha biyu, a zaga katanga sau ɗaya, minti goma. Sannan kowa ya sami abokin zagaye wanda zai leƙo shi in ya noƙe.

Alhaji ya ce, "Wannan ai alheri ne. Ki je ki yi, Allah ya taimaka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko in rubuto a sa hannu?"

Ya ce, "Haba Hajiya, tashi tsaye ma sai da takarda?"

Muka yi dariya ni da shi. Wallahi babu dariyar da na yi nadama a rayuwata kamar wannan.

An sha daru. Wani akawu ya ce da girmansa ba zai rungumi fayil yana yawo a baranda ba, na ce masa ai tun kakanni aka ce zuwa da kai ya fi aike. Masinjoji suka ɗauka so nake a kore su, sai da na bi su ɗaya ɗaya. Mako na farko in an buga ƙarfe ni kaɗai nake zagayawa, maigadi na kallona yana danne dariya. Sai dabara ta faɗo mini. Al'adar nan da ta kashe mini taron tsaye, ita ce za ta raya mini zagaye. In babba ya zauna yaro ba ya tsayawa a kansa, to in babba ya miƙe kuma yaro ba ya ci gaba da zama. Na je wurin Baba Bawa, ban ƙara yi masa zancen ƙafarsa ba. Na ce, "Baba, yaran nan ba za su tashi don ni ba. In kai ka ratsa baranda, wa ya isa ya zauna?"

Ya gyara hularsa, ya ce, "Awo, in don yara na, sai in yi."

Washegari ƙarfe goma ya fito yana dafa bango. Kowace ƙofa ya wuce sai ya yi sallama ya ɗan tsaya. Sai ka ji kujeru na ƙara, mutane na fitowa suna sosa ƙeya. Cikin wata guda mun kai mutum ashirin. Cikin wata huɗu Baba Bawa ya daina dafa bango, ramin yatsa ya daina zama a ƙaurinsa, sugansa ya fara jin magana. Wata Litinin ya shigo ofishina ya ɗaga ƙafa ya nuna mini takalmi sau-ciki, wanda ya ce rabonsa da shi tun auren babbar 'yarsa. Ya ce da ƙafa ya je gonarsa ta bayan Adabka ya duba sharar gona, har jikokinsa na yi masa tsiya wai ya koma saurayi. Ranar na yi farin ciki kamar an yi mini bushara da Hajji.

Yanzu sai in gaya muku zancen hula, domin in ba ku gane shi ba ba za ku gane sauran ba. A ofisoshinmu, namiji in zai je alwala ko bayi yakan cire hula ya ajiye a kan tebur. Saboda haka duk wanda ya leƙo ya ga hula, ya san mai ita yana kusa. Daga nan 'yan zamani suka mayar da abin sana'a. Mutum zai ajiye hula ta biyu a aljihun tebur. Da safe ya zo ya sa hannu a littafin zuwa aiki, ya fito da ita ya ɗora, ya buɗe fayil, ya kwantar da biro a tsakiya, ya sa ta kansa ya kama gabansa. Sarkin wannan aiki shi ne Lawwali, wani jami'i a mataki na takwas. Shi har da tabarau yake haɗawa. Yana da fadama wajen Gummi, in damina ta kankama sai ka yi kwana uku ba ka gan shi ba, amma hularsa ba ta taɓa makara ba. Kowa ya sani. Baba Bawa kuwa hularsa ɗaya ce, kuma ba a taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai a bakin famfo. Dattijo irinsa ba ya ratsa mutane kai ba hula.

Da damina ta faɗi aka yi wa Alhaji canjin wurin aiki, aka turo mana sabon Darakta daga hedikwata. Ya zo da zafinsa, an gaya masa ma'aikatan shiyya ba sa zama ofis. Kuma ba ƙarya aka gaya masa ba, wannan na yarda. A mako na biyu, ranar Talata, ƙarfe goma da 'yan mintuna, ya fito da jerin sunaye a hannu. Ba ya shiga ofis, ta taga yake leƙawa daga baranda ya yi alama ya wuce. Mu kuwa muna bayan sito, rabin zagaye. Samari duk sun bar hulunansu a tebur saboda gumi, mata mun bar jakunkuna a kan kujeru. Mutum ɗaya ne tak ya fita da kayansa cif, teburinsa a share, littafi a rufe, hatimi a kulle, kamar yadda doka ta ce a yi.

Kafin azahar takarda ta fito. Takardar tuhuma ita ce a rubuto maka laifinka, a ba ka awa ashirin da huɗu ka yi bayanin dalilin da zai hana a hukunta ka. Ko an yafe maka, kwafinta na zaune a fayil ɗinka har ka bar aiki. Laifin Baba Bawa, wai barin wurin aiki ba izini. Shi kaɗai a duk ginin! Lawwali da rabon da a gan shi tun safiyar Litinin an yi masa alamar yana nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, takardar ba ta da hanyar isa ga mai ita sai ta rajista. Da hannunsa ya shigar da ita littafi, ya ba ta lamba, ya buga mata hatimi, sannan ya sa hannu cewa ya karɓa. Ina tsaye a ƙofa. Rubutun ko kaɗan bai karkace ba.

Ban tsaya neman iso ba, na faɗa ofishin Darakta. Na yi masa bayani tun daga randa har ƙarfe, na ce ni na fitar da dattijon nan, in akwai laifi nawa ne.

Ya ce, "Ina takardar amincewa da wannan shiri?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da baki aka amince."

Ya ce, "Da baki. Shekararki nawa a aiki, Hajiya? Gwamnati ba ta ɗauki kowa don ya zaga katanga ba. Mai son motsa jiki ya bari sai an tashi."

Na ce, "Mutumin nan ƙafarsa ce a kan layi, likita ne ya ce ya riƙa takawa. Kuma yallaɓai, yau huluna ka ƙirga, ba mutane ba."

Ya cire tabarau ya dube ni ya ce in iya bakina. Na so in kira sunan Lawwali, amma na haɗiye. Mu ba a raine mu da kai ƙarar abokin aiki ba, kuma wannan kunyar ma tana cikin abin da ya cuce mu. Kafin a tashi aiki an sauke ƙarfe daga bishiya, an dawo da randa baranda, ƙararrawa ta koma kan kowane tebur. An bar jaki ana dukan taiki, ina ji ina gani.

Washegari na je kasuwa na sayi hula mai kyau, na kai wa Baba Bawa a leda. Na ce, "Baba, ka ajiye wannan a tebur. Ka riƙa fita ta baya kana ɗan takawa, ba wanda zai sani."

Ya buɗe ledar, ya duba, ya mayar ya ɗaure. Ya ce, "Ɗiyata, na gode. Amma in aje hula ta ce ina nan, alhali ba ni nan? Da hurhurata in koma yi wa gwamnati ƙarya? Guda ta shiga fayil, ba a ƙara ta biyu in sha Allahu."

Daga ranar ya kafe a kujera. Ban da salla babu abin da ke tayar da shi, ita ma a gefen tebur yake shimfiɗa buzu. Daga baya na gane har ruwa ya rage sha, don kada fitsari ya fitar da shi a zo ba a same shi ba. Mai suga! Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi masa. Sai ya ce, "Saura kaɗan, ɗiyata, in na aje aiki sai in yi ta tahiya." Na rubuta shirin nan a takarda yadda ya kamata tun farko, shafi uku, na haɗa da bayanin likita. Baba Bawa ya shigar da ita littafi da kansa, ta hau teburin Darakta ta kwanta. Duk mako sai na tambaya, a ce mini tana kan tebur. Takalmi sau-ciki ya ɓace, tsohon nan mai yankakken maɗauri ya dawo.

Wajen ƙarshen damina, wata Laraba da aka tashi aiki, ya yunƙura ya kasa miƙewa. Ƙafar hagu ta yi tauri, ta yi zafi, launinta ya sauya. Da muka cire takalmin a asibiti muka tarar da gyambo a ƙarƙashin babban yatsa, wanda ya ɓoye kusan wata guda don kada a ce ya je asibiti a lokacin aiki. Aka tura shi babban asibiti a daren... a'a, da yammar nan aka wuce da shi, babban ɗansa na riƙe da shi a bayan mota. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ba zan yi muku ƙarya in ce kujera kaɗai ta yi wannan ba. Suga na nan, shekaru na nan, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma na ga ƙafar nan tana warkewa da idona, kuma na ga ranar da aka mayar da ita.

Na karɓo takardar likita ta hutun rashin lafiya, na kai rajista na ajiye a kan tebur, domin ta nan doka ta ce ta bi. To wa zai shigar da ita? Mai littafin yana kwance. Makullin hatimi na aljihunsa. Darakta kuma ba wanda ke tunkararsa da labari in ba a takarda ba, kowa na cewa wani ya gaya masa. Ni ina ta zirga-zirgar asibiti, na ɗauka ta wuce. Shi kuma Lawwali, da ya dawo daga fadama ya ji abin da ya faru, tausayi ya kama shi. Ya ɗauko hularsa ta aljihun tebur ya ɗora a kan teburin Baba Bawa, a kan takardar likitan ma, wai don kada a ƙara wa tsoho wata tuhumar. Har ga Allah alheri ya nufa, iyakar abin da ya iya ke nan.

Kwana goma sha biyu bayan haka aka yi taron ƙarshen wata. Darakta ya yi ta yabon kansa a kan yadda zaman ofis ya gyaru. Sai ya ce, "Ku ɗauki misali da magatakardan rajista. Takarda ɗaya na ba shi ya shiga taitayinsa. Ko a makon jiya sau biyu na zaga, yana wurinsa."

Manya da ƙanana kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa. Ni kuwa jiya-jiyan nan na dawo daga asibiti. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fita, na je rajista, na ɗauko hular da takardar da ke ƙarƙashinta, na dawo na ajiye su a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga magatakardan da ka gani. Shi kuwa Malam Bawa yana asibiti yau kwana goma sha biyu. Shekaranjiya aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. In ka ba ni minti biyar da buhu, zan kawo maka sauran ma'aikatanka na kirki."

Wani ya ce subhanallahi. Darakta ya ɗauki takardar ya karanta, ya sake karantawa. Aka watse ba addu'a. Washegari na sami tawa takardar tuhumar, rashin ladabi ga na gaba. Tana cikin fayil ɗina har yau, kuma ban taɓa neman a janye ta ba.

Don in yi masa adalci, bayan mako biyu ya sa hannu a kan shirin, aka mayar da ƙarfe bishiya. Ya daina leƙen taga, ya koma shiga ofis yana kiran suna, hulunan aljihun tebur suka yi ɓatan dabo. Ya kuma rubuta a jikin takardar Baba Bawa cewa an janye. Ihu bayan hari.

Bayan an sallamo shi na hau babur na je Adabka. Ana yankan dawa a lokacin. Na same shi a zaure a kan tabarma, sanduna biyu a jingine da bango, hula a kansa daram. Muka gaisa, na gaya masa an janye tuhumar.

Ya ce, "An hidda ta daga fayil?"

Na ce, "An rubuta a jikinta cewa an janye, Baba."

Ya ce, "Amma tana ciki."

Na ce, "Tana ciki."

Ya gyaɗa kai. Ya fi ni sanin doka, ba a cire takarda daga fayil. Na fara ba shi haƙuri, na ce ni na jawo masa, da na rubuta tun farko da ba a kai ga haka ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce in bari, wata huɗun nan da ya yi yana takawa ba shi da abin da zai biya ni. Muna cikin haka ya duba agogon hannunsa, ya jawo sandunan, ya yi ta kokawa har ya miƙe. Na tashi zan kama shi ya ce in ƙyale shi. Na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Sha biyu ta yi, ɗiyata. Bakin garka nika zuwa in dawo. Nan ba mai ba ni takarda."

Na bi shi a baya muna tafiya a hankali zuwa garkar, wato filin ƙofar gida, ina share hawaye da bakin mayafi don kada ya gani.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi, ba ma ni na biya ba. Na san yadda ake sa mutum ya tashi daga kujera, amma ban tsaya na tambayi wa ke ƙirga kujerun ba, da kuma yadda yake ƙirga su. A aikinmu mai wayo yana da hula biyu, duk dokar da aka kawo zai bi ta gefenta ya wuce. Mai gaskiya ne dokar ke samu a tsaye, domin shi ba shi da abin da zai bari a tebur ya yi masa ƙarya. Saboda haka in za ku roƙi irin Baba Bawa ya sauya sabonsa, ku fara hawa sama ku samo masa takardar da za ta kare shi, da sa hannu da hatimi da lamba a littafi, kafin ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ku ci gaba da kirana Hajiya Sa-Hannu, ban damu ba. Ni na ga abin da rashin sa hannun ya ci, daga gwiwa zuwa ƙasa.